Sara Uku a Kan Duwatsun Peru

Mun tashi daga Mu'aither, unguwarmu a ƙasar Qatar, ana sallame sallar asuba, ni da wani abokin aikina ɗan ƙasar Peru, a cikin watan Fabrairun da ya wuce. Wani ɗan'uwa Bazazzagi da ke aikin tuƙi a unguwar Najma ta birnin Doha shi ya kai mu filin jirgi, kuma tun daga ƙofar gida har muka sauka bai huta da tambaya ba. "Injiniya, wai Peru ɗin nan gaba da Amurka take ko baya? Akwai masallaci kuwa?" Na ce masa ni ma sai na je na gani. Ya sauke mana jakunkuna yana girgiza kai, ya ce, "Khalas, shi ke nan, Allah ya kai lafiya. In ka ga ba abin ci, yalla maza ka dawo."

Shekara shida muna ofis ɗaya da mutumin nan a wani kamfanin gas. Kirista ne mai kunya da ƙarancin magana, irin wanda in azumi ya kama yake ɓoye kofin shayinsa a bayan fayil don kada in gani. Da ya ce in raka shi garinsu lokacin bikin da suke kira karnabal, wato 'yan kwanakin shagalin da Kiristocin can ke yi kafin su shiga nasu azumin, ban yi dogon tunani ba na amsa. Biza ce ta kusa sa in fasa. Sai da fasfona ya yi yawon da ni mai shi ban taɓa yi ba kafin ya dawo da tambari, sannan na yi ta bin kafil, wato ubangidan da ya tsaya mini a Qatar, da takardar izinin fita har ya gaji da ganina ya sa hannu.

Sai da muka canza jirgi a Turai, muna tsakiyar teku, sannan ya gaya mini gaskiyar tafiyar. Shekara bakwai rabonsa da gida. Mahaifinsa ya rasu a gida shi yana Qatar, bai samu zuwa jana'iza ba, tun daga nan kunya ta hana shi leƙawa. Matarsa da 'ya'yansa suna Kanada, can yake shirin komawa gaba ɗaya. Wannan zuwan na bankwana ne: zai damƙa wa mijin yayarsa gonar uban, ya shaida wa mahaifiyarsa kada ta ƙara zuba ido. Na tambaye shi to ni mene ne nawa a ciki. Ya ce, yana kallon taga, in akwai baƙo a gida tsohuwar ba za ta yi kuka a gabansa ba. Ashe garkuwa aka ɗauko ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma a saman teku ba inda mutum zai yi fushi ya sauka, sai na ja bargo na rufe fuska.

A Lima, babban birnin ƙasar, muka kwana. Zafi da gumi da cunkoson motoci, ga ƙananan bas da kwandasta ke leƙowa ta ƙofa yana kiran sunayen unguwanni, har na ji kamar in amsa masa da Hausa. Da safe muka shiga babbar bas zuwa cikin duwatsun Andis. Kuɗin motar, tafiyar kusan wuni, bai wuce abin da tasi ke karɓa daga Al Rayyan, can wajenmu a Qatar, zuwa filin jirgi ba. Hanyar hawa ce kawai, kwana bayan kwana, dutse a dama rami a hagu, ga manyan motocin ma'adinai da ba su san birki ba. Kusan kowace kwana sai ka ga ƙananan gicciye da furanni a bakin titi, alamar inda mota ta faɗa da wani. Da farko ina ƙirgawa, daga baya na ga ƙirgen ba ya ƙara mini komai sai fargaba, na koma istigfari.

A ƙololuwar hanyar na ga dusar ƙanƙara da idona, amma ban ji daɗin kallonta ba, domin iska ta yi ƙaranci a can sama. Kaina ya dinga sara, numfashi sai na yi da gaske. Inda aka tsaya cin abinci suka miƙo mini shayin wani ganye da suke kira koka. Jin sunan na janye hannu, sai da abokina ya rantse mini ganyen shi kaɗai bai fi goro ƙarfi ba sannan na kurɓa. Ɗanɗanonsa na ciyawa ne, amma ya sassauta mini. Daga nan muka gangara cikin wani kwari mai faɗi, kore shar, domin damina ce a wurinsu. Gonakin dankali suna fure, ga masara, ga bishiyoyin turare a jere. Gidajen na jar ƙasa ne irin namu, rufin ne kawai na yumɓu. Mata sanye da malafa da siket a kan siket, suna goyo a baya cikin mayafi mai ratsi, wani goyon jariri, wani kuwa kabeji ne ko ɗan rago.

Garin nasu ƙarami ne, kusa da wani birni da ake kira Jauja. Tun a Lima na sa farar shaddata da na ajiye tun Sallah, na ce gidan uwar aboki zan je, ba a zuwa a wulaƙance. Ban yi taku goma daga mota ba sai na ji abu ya fashe a ƙeyata, ruwan sanyi ya gangara har cikin wando. Balan-balan ce aka cika da ruwa aka jefo daga bene. Kafin in ɗaga kai wasu 'yan mata sun zagaye ni sun shafe mini fuska da hoda suna dariya. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na hangi ɗan sanda a bakin kasuwa, shi ma a jiƙe sharkaf, fuska fari fat, yana cin masararsa hankali kwance. Abokina ya ce a kwanakin nan ba babba ba yaro, wanda duk ya fito titi ya yarda ke nan. Haka na haɗiye maganata muka wuce, shadda tana ɗiga.

A ƙofar gida muka tarar da tsohuwar. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, da farar malafa da kitso biyu na furfura. Ba ta rungumi ɗanta nan take ba. Ta daɗe tana kallonsa, ta taɓa masa kumatu, ta faɗi wata kalma ɗaya, wadda daga baya ya ce mini cewa ta yi ya yi tumbi. Ni kuma na durƙusa har ƙasa zan gaishe ta, kamar yadda aka koya mini a gida. Sai ta kwarma ihu, mutane suka fito a guje, aka kama ni aka zaunar a kan kujera ana fifita. A zatonta ƙarancin iska ne ya kayar da ni. Sai da na shanye wani kofin shayin ganyen kafin aka bar abokina ya yi bayani. Da ta gane, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sa gefen mayafinta ta goge mini hoda daga fuska. Daga ranar nake ce mata Inna, ita ma tana amsawa.

Abinci dai dankali ne sarki. Na ga baƙi, na ga ja, na ga rawaya, na ga wani mai ƙulle-ƙulle kamar citta, kowanne da sunansa da irin dahuwarsa. Masararsu ƙwaya ɗaya ta kai farcen babban yatsa, ana ci da cuku mai gishiri. A kasuwa tulin kifin rafi soyayye da dankali araha kamar kyauta. A kicin ɗin Inna kuwa ɓerayen masar ne ke yawo tsakanin ƙafafu, na zaci na ado ne, sai da na ga ɗaya a faranti da haƙoransa waje. Ban ci ba, ba ta kuma matsa mini ba. Ashe tun kafin mu zo ta tambayi ɗanta abin da nake ci da wanda ba na ci. Ta sayi sabuwar tukunya domina, ta ɗaure rago a bayan gida ta ce ni zan yanka da hannuna. Ranar da suka gasa nama a rami da duwatsu masu zafi, nawa ramin daban aka haƙa, nesa da na alade. Wannan abu ya taɓa mini zuciya sosai.

Da na fito da ɗan kamfas ɗina zan duba alƙibla, sai na ga gabas ya nuna, kamar a gida, bayan shekarun da na yi a Doha ina fuskantar yamma. A tsakar gida nake sallah. Inna ba ta san me nake faɗa ba, amma da ta ga na shimfiɗa darduma sai ta ɗauki sanda ta tsaya tana korar kaji har in sallame.

Kwana uku abokina yana kewaye maganar da ta kawo shi. Da zarar tsohuwar ta zauna kusa da shi sai ya ƙwala mini kira, wai in zo in ga hoto, ko in ɗanɗana wani dankalin. Ni kuma in zo in zauna tsakaninsu kamar buhu. Rana ta uku na ga ya miƙa wa mijin yayarsa wasu takardu a bakin rumbu. Inna tana nesa tana ɓarar wake, ta gani. Ba ɗanta ta kalla ba, ni ta kalla, ta daɗe tana kallona har na tsargu na tashi.

Ranar Asabar mazan garin suka hau dutse suka saro doguwar bishiyar turare, suka ɗauko ta a kafaɗa da kiɗa har dandalin da ke gaban coci. Aka haƙa rami, aka ja ta da igiyoyi aka tsayar, bayan an rataye mata kaya a rassa: barguna, bokitai, robobin wanki, yadi, lemo, balan-balan. Na tambayi abokina amfanin wannan wahala, a saro bishiya a sake dasa ta. Hankalinsa na wani wuri, ya ce mini kawai, "Gobe za a yi rawa a sare ta, kowa ya kwashi rabonsa." Ban ƙara tambaya ba.

Lahadi bayan azahar aka taru. Makaɗa da ƙahonnin tagulla da goge da wata babbar garaya mai tsayin mutum, waƙa ɗaya suke ta maimaitawa mai daɗi da ɗan baƙin ciki a ciki. Mutane bibbiyu, mace da namiji, hannu cikin hannu, suna zagaya bishiyar da ƙananan taku. Wani mutum da matarsa, waɗanda na fahimci su ne masu bikin bana, suna tsaye a gindinta da gatari mai ado da kwalba. Duk waɗanda aka tsayar, a ba su kofi su sha, a miƙa musu gatari su sara sau ɗaya ko biyu, su koma layi. Ni ina gefe a kan benci da kofin ruwan baƙar masara marar giya, ina kallo.

Da farko sara ake yi na gaske. Amma da bakin saran ya yi zurfi sai na ga abin takaici. Ƙattai masu ƙirji su karɓi gatari su ɗan taɓa itacen kamar masu ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Wani ya sara can sama da bakin, wani ya buga da ƙeyar gatarin, jama'a na shewa. Ni da na tashi a Malumfashi ina faskare kowace safiya kafin in tafi makaranta, jinina ya dinga tafasa. Ga hadari ya taso, ga rana na shirin faɗuwa, ga itace saura ƙiris. Na ce a raina giya ce ta kashe musu hannu, mutanen kirki amma ba su iya gatari ba.

Ina cikin wannan sai ga Inna a gabana, ta kama hannuna. Ni ba mai rawa ba ne, balle da mace a bainar jama'a. Amma tsohuwa ce sa'ar mahaifiyata, wadda ta haƙa mini ramin nama daban, da wane baki zan ce mata a'a? Na waiga neman abokina, yana can ɗaya gefen dandalin da mijin yayarsa. Muka shiga layi, ita tana rawa ni ina tafiya. Da muka iso gindin bishiyar aka miƙo mini kofi, na dafa ƙirji na ƙi, ita ta karɓa ta shanye nata da nawa. Ta ɗauki gatari ta ɗan taɓa, ta miƙo mini. Sannan ta sa yatsa a daidai inda ni ma idona yake, ta dunƙule hannu ta girgiza. Wannan ba ya buƙatar tafinta.

Na naɗe hannun riga, na tofa yawu a tafi, na yi bisimilla. Sara na farko gatarin ya shige har ƙota ta girgiza, na ji dandalin ya yi tsit. Na biyu wani ɓangare ya fita ya tashi sama. Daga nesa na ji abokina yana kiran sunana da ƙarfi, na ɗauka kirari yake mini. Na uku bishiyar ta yi ƙara, ta ɗan tsaya kamar mai shawara, ta tafi gaba ɗaya. Jama'a suka afka mata ana wawason bokitai da barguna. Ni ina tsaye da gatari ina haki, ina jin na fitar da Hausawa kunya. Sai na ga makaɗa sun zagaye mu ni da Inna, ana zuba mini hoda, ana rataya mini takardu masu launi a wuya, maza suna rungumata ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa murna shi ne mai bikin bana.

Abokina ya kutso ya iso, fuskarsa ba annuri.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na taimaka musu," na ce. "Da sun kwana a kanta."

"Wanda ya kayar da bishiya shi ke kawo ta baɗi. Shi zai hau dutse ya zaɓo, a ɗauko a gabansa, ya ciyar da gari. Shi ya sa ka ga kowa yana lallaɓa ta."

Na ce ai ni baƙo ne, za su yi mini uzuri. Ya ce baƙo ba ya tsayawa shi kaɗai, gidan da ya sauke shi ne ke tsaya masa, kuma dole namijin gidan ya taka tare da shi a gaban bishiyar. In ba su zo ba, gidan ba ya ƙara ɗaga kai a dandalin nan. Bai ƙarasa ba na gane sauran, domin namiji ɗaya ya rage a gidan. Na juya na dubi Inna. Tana ta rawarta da ƙananan taku, hawaye sun yi layi biyu a cikin hodar fuskarta.

Washegari da safe suka yi maganar a kicin, ina zaune a bakin ƙofa, wannan karon ba wanda ya kira ni in shiga tsakani. Daga baya ya fassara mini. Ya ce mata mijin yayarsa zai iya tsayawa a madadinsa, ta ce wannan yana da gidan ubansa. Ya gaya mata maganar Kanada, ta ce ta sani tun da ta ga ya zo da baƙo. "Ubanka sau biyu yana kawo bishiya garin nan," in ji ta. "Ban ce ka dawo ka zauna ba. Ka kawo guda ɗaya ina da rai." Sannan ta ce ya tambaye ni ko na yi fushi. Gaskiya na yi, domin sau biyu ana amfani da ni a tafiya ɗaya, ɗa ya yi, uwa ta yi. Amma nata na fara yafewa. Na ce ya gaya mata a wurinmu in babba ya miƙo maka aiki ƙarasawa ake yi.

Ranar tafiya ta cika mini jaka da dankalin da na san ba za a bar ni in shiga jirgi da shi ba, na karɓa da hannu biyu. Muka sake bin kwanonin nan muna gangarowa har Lima, daga nan sai Turai. Da muka sauka Doha na ja numfashi mai kauri na ji huhuna ya cika, abin da ban taɓa sanin ni'ima ba ne. Ranar Juma'a na ba 'yan'uwa labari a wurin cin abincinmu na Najma, suka yi dariya har wani ya ƙware, tun daga ranar ba wanda ke kirana Injiniya, sai Sarkin Gatari. Bayan sati guda abokina ya shigo ofis ya ajiye takardar hutu a kan teburina, an riga an cike gurbin wata: Fabrairu. Ya ce, "Ka fara neman biza tun yanzu." Kanada dai yana nan a kan bakansa, amma sai bayan bishiya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini na farko mai sauƙi ne. In ka ga mutanen gari gaba ɗaya suna yin abu a hankali, ba lalaci ba ne, akwai abin da suka sani wanda kai ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka naɗe hannun riga. Na biyun ya fi ciwo. Tun a jirgi nake ganin laifin abokina, ina cewa wane irin ɗa ne wannan, sai da na zauna da takardar hutun nan a gabana na tuna ni ma shekara huɗu rabona da Malumfashi. Hutun bana na kai shi Peru, na baɗi kuma na sare shi da hannuna.

Da yamma na sayi katin waya na kira mahaifiyata, na kwashe labarin duka na ba ta. Ta yi dariya sosai, musamman wurin durƙuson.

"Sara nawa ka yi mata?"

"Uku, Hajiya."

"Ka tsufa. Da biyu ya ishe ka." Sannan ta ce, "To madalla, Allah ya yi albarka. In ka gama kai wa uwar wani ɗanta, ni ma ina nan."

A nan katin ya ƙare. Da safe na rubuta takardar neman hutun sati uku ba albashi, zuwa Malumfashi.